Sista Kenny, Matar da Ta Kwance wa Yara Ɗauri

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu domin gwajin koyarwa, aji huɗu ne ya faɗo mini a wata makarantar firamare ta ƙauye. Cikin ajin nan akwai wani yaro ɗan wajen shekara 10, mai kaifin hankali ƙwarai. Amma duk sa'ad da na yi tambaya, na ce wanda ya sani ya ɗaga hannu, sai in ga ya ɗage kafaɗarsa ta dama har ta kusa taɓa kunne, ya karkace wajen hagu, hannun kuwa bai tashi ko'ina ba. Sauran yara su yi ta dariya. Na zaci ba'a ya ke yi mini, da ya ke ni baƙon malami ne. Ran kwana na uku na fito da shi gaban aji, na yi masa faɗa mai zafi, na sa shi tsayuwa har aka fita tara.

Da aka fita, hedimasta ya kira ni ofis, ya gaya mini cikin natsuwa haka aka haifi yaron. Uwarsa ta sha doguwar naƙuda, wajen jawo shi jijiyoyin wuyansa masu tafiya zuwa hannu suka sami rauni. Hannunsa na hagu lafiya lau ne, da shi ma ya ke rubutu, na kuwa gani, amma ban haɗa wannan da wancan ba. Tun yana ƙarami a ke kwaɓarsa kada ya miƙa wa babba hagu, shi ya sa ya ke ta fama da na dama don ya girmama ni. Ran nan kunya ta hana ni cin abinci.

Da na komo kwaleji ran Asabar, sai na shiga ɗakin karatu neman abin da zai fahimtar da ni sha'anin irin waɗannan yara. A nan na gamu da labarin wata mace 'yar ƙasar Ostareliya, wadda ta ƙare ranta wajen koya wa yaran da shan inna ya kama su yi motsi. Na ga ya kamata in kawo muku shi, 'yan'uwana ɗalibai, gama dukanmu za mu tarar da irin yaron nan a azuzuwanmu.

An haifi Elizabeth Kenny ran 20 ga Satumba, 1880, a wani ƙaramin gari mai suna Warialda. Ubanta manomi ne, mutumin Ailan da ya yi ƙaura zuwa Ostareliya. Daga baya suka koma lardin Queensland, suka zauna kusa da ƙauyen Nobby. Karatunta bai wuce na firamare ba, shi ma a tsittsinke ta yi shi. Yarinya ce doguwa, mai ƙarfi, mai son hawan doki. Tana budurwa ta faɗo daga kan doki ta karye a wuyan hannu, aka kai ta birnin Toowoomba wurin wani likita mai suna Aeneas McDonnell. Tana jinya a can idonta ya faɗa kan littattafansa na halittar jikin mutum. Likitan ya ga tana da marmari, ya riƙa ara mata, yana nuna mata ƙasusuwa da tsokoki da yadda ko wace tsoka ke jan gaɓarta. Tana da wani ƙane rarrauna, sai ta mai da shi ɗalibinta na fari, tana shirya masa wasannin motsa jiki bisa ga abin da ta karanta.

Ba ta taɓa shiga makarantar koyon jinya ta fito da takardar shaida ba. A wurin ungozoma da likitocin ƙauye ta tsinci aikin. Ta zama mai jinyar ƙauyuka, tana bin gonaki bisa doki, inda likita ya ke da nisan yini guda ko fiye. Cikin 1911 ta buɗe ɗan ƙaramin asibiti nata a garin Clifton. Bisa ga abin da ta rubuta a littafin tarihinta, a zamanin nan ne aka kira ta wurin wata yarinya da zazzaɓi ya kama, gaɓoɓinta suka ƙage, tana kuka in an taɓa ta. Ta buga wa Likita McDonnell waya, ya amsa mata shan inna ne, ba a san maganinsa ba, sai ta yi iyakar ƙoƙarinta. Da ya ke ba wanda ya koya mata abin da a ke yi, sai ta yi abin da idonta ya nuna mata. Ta yayyaga bargon ulu, ta tsoma cikin ruwan zafi, ta matse, ta naɗe wa yarinyar inda ke ciwo. Da zafin ciwon ya lafa, ta shiga motsa mata gaɓoɓin a hankali.

Yaƙin Duniya na Farko ya katse wannan aiki. Cikin 1915 ta shiga aikin jinyar soja, tana kai da kawowa cikin jiragen ruwa masu komo da sojojin da aka yi wa rauni daga Ingila zuwa Ostareliya. Cikin 1917 aka ba ta muƙamin Sista, watau babbar mai jinya. Da sunan nan duniya ta san ta har ta mutu. Bayan yaƙi ta koma Nobby. Wata rana wata yarinya ta yi mugun haɗari a gona, Kenny ta ɗaure ta bisa ƙyauren katako don kada girgizar mota ta ƙara mata rauni. Daga nan ta ƙago wani gadon ɗaukar majiyyaci, ta yi masa rajista cikin 1927, kuɗin sayar da shi suka riƙa taimakonta, gama yawancin aikinta na yara kyauta ta ke yi.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san abin da shan inna ke yi wa jiki, da abin da likitocin zamanin ke yi masa. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana shiga ta baki tare da ruwa ko abinci marar tsabta. Ga yawancin waɗanda ta shiga, ba ta yin kome. Amma ga kaɗan daga cikinsu ta kan kai har cikin lakar gadon baya, ta hallaka tushen jijiyoyin da ke kai wa tsoka umurni. Tsokar da umurni ya daina zuwa mata sai ta saki, ta rame. Likitoci suka lura in tsoka ɗaya ta saki, kishiyarta mai lafiya ta kan rinjaye ta, ta ja gaɓar ta karkace. Saboda haka suka ga dabara ita ce a hana gaɓar motsi sam. Su kan ɗaure yaro bisa wani gadon ƙarfe, ko su zuba masa filasta, ya yi wata da watanni, wani ma ya kai shekara.

Bari in ɗauki kafaɗa ta zama misali, tun da ita ce ta jawo ni cikin wannan magana. Ku ɗora hannun hagu bisa kafaɗarku ta dama, ku ɗaga hannun daman sannu sannu har sama, za ku ji abin da na ke faɗi. Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, gurbin da ya ke zaune ciki kuwa ba shi da zurfi, kamar a ɗora ƙwallo bisa faifai. Tsokoki ne ke riƙe da shi, shi ya sa kafaɗa ta fi ko wace gaɓa ta jiki sakewa, shi ya sa kuma ta ke saurin lalacewa in tsokokin sun saki. Gurbin nan a jikin allon kafaɗa ya ke, allon kuma ba a kafe ya ke ba, yana zamewa bisa haƙarƙari. Cikin 1944 wani likita na Amurka, Verne Inman, da abokan aikinsa suka auna, suka tarar in mutum ya ɗaga hannu har sama, wajen kashi 2 cikin 3 na motsin daga mahaɗar damtse ya ke fitowa, sauran kashi 1 daga juyawar allon kafaɗa. Kun ga ke nan aikin gayya ne, tilas tsokoki da yawa su ja tare, ko wace a lokacinta.

Tsokar da ta lulluɓe kan kafaɗa, wadda ke ɗaga damtse gefe, tana cikin waɗanda shan inna ya fi kamawa a hannu. In ta saki, likitocin da su kan ɗaure hannun yaron a miƙe a gefe daidai kafaɗa, bisa wani ƙarfe da suka yi wa laƙabi da jirgin sama, don ya yi kama da fiffike. Sa'ad da aka kwance bayan watanni, sau da yawa sai a tarar mahaɗar ta sandare, tsokokin da cutar ba ta taɓa ba su ma sun rame don rashin aiki.

Wannan ɗauri shi ne Sista Kenny ta tashi yaƙi da shi. A farkon shekarun 1930 ta kafa wurin jinya a bayan wani gida a birnin Townsville. Ta karɓi yaran da shan inna ya daɗe da nakasa su, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni tun wajen haihuwa gaɓoɓinsu suka ƙage. Abu uku ta ce tana gani a jikinsu. Na fari, waɗansu tsokoki sun ɗaure tamau suna ciwo, su ne ta ke gasawa da bargo mai zafi har su yi laushi. Na biyu, akwai tsokar da ba ta mutu ba, amma yaron ya manta hanyar kiranta. Na uku, yaro ya kan koyi yin motsi da tsokar da ba ita ce mai aikin ba.

Da na kai kan na ukun nan sai na ajiye littafin, gama yaron ajina ne sosai na gani. Tsokar kan kafaɗarsa ba ta amsa kira, sai ya kira ta wuya, ita kuwa iyakar abin da ta iya shi ne ɗage kafaɗa zuwa kunne. Abin da na ɗauka ba'a, ashe iyakar ƙoƙarinsa ne.

Ga yadda Sista Kenny ke yi da irin wannan. Ta kan kwantar da yaro bisa gado mai tauri, ta bari ya natsu. Ta kama hannun da kanta ta ɗaga, ta sauke, sau biyu ko uku kaɗai, ba ta kai shi inda zai ji ciwo. Sa'an nan ta shafa fatar da ke bisa tsokar da yatsa, ta nuna masa daga ina ja zai fito, ta faɗa masa sunan tsokar, ko da ya ke ƙaramin yaro ne. Ta sa shi ya bi motsin da hankalinsa tukuna, kada ya yi yunƙuri. Sai ran da ta ji tsokar ta ɗan motsa ƙarƙashin yatsanta, sa'an nan ta bar shi ya taimaka. In ya soma ɗage kafaɗa zuwa kunne, ta tsai da shi nan da nan, su koma farko. Haka za a yi ta yi ko wace rana, mako da makonni. Duk wanda ya taɓa koya wa ɗan aji ɗaya riƙon alli ya san irin haƙurin da wannan ke bukata.

Iyaye suka yi ta kawo mata yara, gwamnatin Queensland ta buɗe mata wuraren jinya a Townsville da Brisbane. Amma manyan likitoci ba su yarda ba. Suka ce mace marar takardar shaida ba ta isa ta rushe abin da masana suka kafa ba, bayaninta na cutar kuma bai dace da abin da su ke gani a cikin laka ba. Cikin 1937 ta je Ingila, aka ba ta ɗakunan jinya biyu a asibitin yara na Sarauniya Mary da ke Carshalton, kusa da Landan. Cikin 1938 kwamitin likitoci da gwamnatin Queensland ta naɗa ya fid da rahotonsa, ya ce barin ɗauri babban kuskure ne mai haɗari. Tana da shekara 57 a lokacin. Da wata ce, da ta koma gida ta huta.

Cikin 1940 ta shiga jirgin ruwa zuwa Amurka tare da 'yar riƙonta. Shan inna yana ta da hankalin ƙasar nan ko wace bazara, shugabansu ma, Franklin Roosevelt, ƙafafunsa sun shanye tun 1921. A manyan biranen da ta fara sauka an saurare ta da kunne ɗaya. Sai a birnin Minneapolis waɗansu likitoci uku, Wallace Cole da Miland Knapp da John Pohl, suka ce a ba ta gadaje su gani da idonsu. Gani ya kori ji. Suka tarar yaran da ta yi wa jinya tun cutar tana sabuwa ciwonsu ya fi saurin lafawa, gaɓoɓinsu ba su sandare ba, ba su kuma karkace kamar yadda a ke tsoro ba. A ƙarshen 1941 babbar ƙungiyar yaƙi da shan inna ta Amurka ta amince da hanyarta ta jinya. Cikin Disamba 1942 aka buɗe cibiya mai sunanta a Minneapolis, likitoci da masu jinya suka riƙa zuwa daga ƙasashe dabam dabam suna koyo. Asibitoci suka jibge ƙarafan ɗaurinsu, suka sayi barguna da injin matse tufafi.

Sunanta ya kai ko'ina. Cikin 1946 aka yi silima a kan rayuwarta. Cikin 1950 majalisar Amurka ta ba ta izinin shiga ƙasar da fita ba tare da biza ba. Cikin 1951, da aka tambayi mutanen Amurka macen da suka fi girmamawa, ita ce ta zo ta ɗaya.

Amma kada in ba ku rabin labari. Sista Kenny mace ce mai kaifin harshe, ba ta jure musu, ta kan kunyata likita a gaban ɗalibansa. Ta rage wa kanta shekara 6 cikin shekarun haihuwarta, ta kuma bar mutane suna zaton ta yi karatun jinya. Abin da ya fi wannan nauyi, ta kafe a kan cewa asalin cutar yana cikin tsoka da fata, alhali kuwa likitocin ne ke da gaskiya, a laka ɓarnar ta ke. Tushen jijiyar da ya mutu ba bargon da zai tashe shi. Abin da ke faruwa shi ne, waɗansu jijiyoyin suma suka yi, su kan farfaɗo. Waɗanda suka tsira kuma su kan fid da sababbin rassa, su ɗauki tsokar da ta rasa mai ita, kamar yadda dangi ke ɗaukar maraya. Amfanin gashi da motsi shi ne su tsare mahaɗa kada ta sandare, tsoka kada ta gajarce, har jijiyar ta iso ta tarar da gida a gyare. Ɗauri ma ba a yar da shi ɗungum ba, har yau a kan sa wa yaro abin tallafi in da bukata, amma tare da motsi. Hannunta ya san abin da bakinta ya kasa bayyanawa daidai.

Ciwon rawar jiki da a ke kira Parkinson ya kama ta a ƙarshen ranta. Cikin 1951 ta koma Toowoomba, ta rasu a can ran 30 ga Nuwamba, 1952, aka binne ta a Nobby. A shekarar da ta rasu shan inna ya kama mutum wajen 58,000 a Amurka kaɗai. Ba ta ga rigakafin ba, gama sai cikin 1955 aka tabbatar da allurar Jonas Salk, daga baya kuma ɗigon baki na Albert Sabin ya biyo. A ƙasarmu an ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta shanye cikin 2016 a Jihar Borno, cikin Agusta 2020 kuma aka shaida ta ƙare a Afirka. Duk da haka ba a daina ɗiga wa yara ba, kada kuwa mu yi sanyi wajen ƙarfafa iyaye su kawo su.

Shan inna ya ja baya, amma aikin da ta yi wa hanya bai ƙare ba. Akwai yaran da suka sami rauni wajen haihuwa, da waɗanda sanƙarau ko zazzaɓi mai tsanani ya taɓa ƙwaƙwalwarsu. A manyan asibitocinmu akwai sashen da mutane ke kira wurin gashin ƙashi, inda a ke koya musu motsi. Irin raunin yaron ajina likitoci sun daɗe da saninsa, wani Bafaranshe mai suna Duchenne ya bayyana shi cikin 1872, wani Bajamushe mai suna Erb kuma cikin 1874. Jarirai da yawa su kan warke cikin watannin farko, a kan koya wa uwa ta riƙa motsa kafaɗar a hankali kullum don kada ta sandare, waɗansu kuma sai an yi musu aiki. Yaron nan ba wanda ya gaya wa uwarsa haka. Zane aka sa aka ɗaure masa hannun a ƙirji, don tausayi.

Ran Litinin da na koma, na nemi gafararsa a gaban ajin da na kunyata shi. Na gaya wa yara daga yau an ba shi izini ya ɗaga hagu, wanda ya yi dariya kuwa zai gamu da ni. Ni da hedimasta muka je wurin ubansa, muka roƙe shi ya kai shi babban asibiti, ya kuwa kai shi. Mai gashin da ta duba shi ta ce an makara ƙwarai, amma akwai sauran abin da za a ceta. Ta rubuto mana abin da za mu iya yi a makaranta: ya riƙa danne littafi da hannun dama sa'ad da ya ke rubutu, ya share ƙasan allo da hannu biyu, ya mirgina ƙwallo bisa tebur, kada a tilasta shi in ya gaji, kada kuma kowa ya ja masa hannun da ƙarfi ko ya gasa shi a gida. Har na gama gwajina hannun bai kai daidai kafaɗa ba. Amma ya daina ɓoye shi cikin riga, a mako na ƙarshe kuma na ga ya karɓi littafinsa da hannu biyu.

'Yan'uwana, ba a horar da mu don mu zama likitoci ba, kada kuma mu yi wa kowa magani. Amma yaro yana gaban malaminsa sa'o'i da yawa ko wace rana, fiye da yadda ya ke gaban ko wane likita. In kun ga wanda ke karkacewa wajen ɗaga hannu, ko mai jan ƙafa, ko wanda alli ke kuɓuce masa kullum, ku tambaya tukuna kafin ku yi faɗa. Ku aika da shi asibiti tun da wuri. Kada ku keɓe shi gefe lokacin wasa don tausayi, gama wannan ma wani ɗauri ne. Sista Kenny ba ta fi likitocin zamaninta karatu ba, amma ta tsaya ta dubi yaron da ke gabanta da kyau. Ni sai da na yi kwana uku ina kallon nawa kafin wani ya nuna mini shi. Allah ya sa ku riga ni gani.